Mai Lamba 114 Ba Ta da Aiki

Gidan Rumji, 19 ga Mayu

Zuwa ga Zaharaddini, shugaban masu tambaya, buron bincike, Maraɗi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da sanyin buro. Mu nan zafi ne ke gaishe mu safe da yamma.

Yau kwana goma sha biyu da ka ɗora mini allon nan naku mai wuta, ka ce in bi gida gida in tambayi masu ciwon daji abin da ciwon ya yi wa aikinsu da aljihunsu. Na karɓa don dalili biyu: abin da ake ba tsohon mushen lakol, wato malamin makaranta, bayan ya ajiye alli ba ya kai shi ƙarshen wata, kuma na ɗauka aikin yana da amfani. Dalilin farko har yanzu yana nan daram.

Ga ƙarata. Tambaya ta tara tana cewa: mene ne aikinka kamar yadda aka rubuta a katin ɗan ƙasa? To ka nuna mini macen ƙauye ɗaya da ba a rubuta mata "matar gida" ba. Da na taɓa "matar gida" sai allon ya yi tsalle ya ƙetare tambaya talatin da ɗaya, ya ce mun gode. Da farko na zaci yatsana na shida ne ke taɓa abin da ban sa shi ba. Ashe haka aka halicce shi. Jiya na zauna da wata tsohuwa da ta yi shekara ashirin tana tuwon sayarwa a tasha, ciwo ya kwantar da ita, ta sallami mata biyu masu taya ta. Tana ba ni labari tana share hawaye, allonku yana ce mata mun gode.

Na biyu, an ce duk tambayar dukiyar gida maigida kaɗai za a yi wa. Wanda ya tsara wannan ya taɓa kwana a gidan Bahaushe? Maigida ba ya sanin awakin matarsa nawa ne sai ranar da baƙi suka sauka.

Ni na koya maka lissafi a aji shida, kuma ban tuna na ce maka abin da ba a ƙirga ba babu shi ba. Ka duba maganar nan. Jaye direba zai miƙa maka takardar, don ba na aika saƙon murya kamar mai tallar magani.

Ka gaida mahaifiyarka. Wassalam.

Mushenka, Chindo

*

Maraɗi, 23 ga Mayu

Zuwa ga Mushe Chindo.

Amin wa alaikumus salam. Mushe, ina gaisuwa cikin girmamawa. Takardarka ta iso, na karanta ta sau biyu.

Tambayoyin masana ne suka tsara su, kuma su ɗin ake amfani da su a ƙasashe da dama, don a iya gwada sakamakon wata ƙasa da na wata. Ba ni da ikon canza ko wasali ɗaya. Amma akwai gurbin ƙarin bayani a ƙarshe, yana ɗaukar harafi ɗari. Kana iya sa abin da ka gani a can.

Da ka gama Gidan Rumji sai ka wuce yankin Gangara, daga lamba 109 zuwa 121. Kamar kullum, lamba da sunan gari da sunan maigida kaɗai za ka gani. Marasa lafiyar da kansu suka yarda a asibiti, su suka ba da sunan wanda za a tambaya a gida.

Ina tunatar da kai, ba don na ga alama ba, takardar rantsuwar da ka sa wa hannu: ba za ka faɗa wa kowa sunan mara lafiya ko ciwonsa ba, ko da iyalinka ne.

Mahaifiyata tana amsawa. Allah ya ƙara girma.

Ɗalibinka, Zaharaddini

*

Agiye, 9 ga Yuni

Zaharaddini,

Sallama da gaisuwa. Ka yi haƙuri da gajartarta, yau ba ni da doguwa.

Lamba 114, Garin Bappa, gidan Malam Yahaya. Tun daga Gangara nake ce wa kaina Yahaya ai da yawa suke. Sai mai babur ya tsaya a ƙofar gidan da na raka amarya shekara ashirin da takwas da suka wuce. Lamba 114 ƙanwata ce Tani, uwa ɗaya uba ɗaya. Wata uku ke nan da ta ce mana za ta Yamai zaman jego, ɗiyarta Ummukulsum ta haihu. Har tsiya na yi mata a waya, na ce wannan jego sai ka ce jaririn zai fito da gemu. Ta yi dariya. Allah ya sani daga kan wane gado ta yi ta.

Mijinta Idi ya rasu shekara uku ke nan. Wansa Yahaya shi ne babban gida, shi ke riƙe da gandu. Da ya gan ni da allo sai ya ce, "Ashe kai suka aiko." Ya shimfiɗa tabarma, ya kori yara. Na yi aikinku tsaf. Tambaya ta tara, matar gida, mun gode. Matar da duk mai tsire da mai ƙosai tsakanin Gangara da Gazawa ya san man gyaɗarta da ƙuliƙulinta! Sai na juya kan maigida. Gidan ya rasa gona saboda ciwon? A'a. An rage abinci? A'a, alhamdulillahi.

Na kife allon na tambaye shi gamanarta. In zaman buro ya mantar da kai, gamana ita ce ƴar gonar da ake yanka wa mace daga gandu ta noma don kanta. Tata tun tana amarya take hannunta, a nan take shuka gyaɗar da take matsa. An yi ruwan shuka, kowa ya zuba hatsi, tata tana kwance.

Ya ce, "Mushe, ɗana Safiyanu ya yi aure bara, ba shi da inda zai kafa kwasa ya yi noma. In na gama noman farko na gandu ba a shuka ta ba, wake zan zuba. Ka san al'ada, gonar aro da aka bari, wanda irinsa ya shiga ƙasa shi ke da ita."

Na ce zan sa ƴan ƙwadago gobe.

Ya ce, "A ƙasar kakanninmu? Suruki ya shigo da ƴan ƙwadago? Baɗi kuma sai ka zo da takarda ka ce taka ce."

Na ce, "To ai al'adar ba nan ta tsaya ba. Ba a taɓa gonar mara lafiya. Gayya ake kira, gari ya fito ya shuka masa."

Ya dube ni ya ce, "Wa ya ce ba ta da lafiya? Gari ya san jego ta tafi. Ni ta ce in yi shiru, na yi. Kai ma na ji an ce rantsuwa ake sa ku."

Ka ji. Mutumin nan bai taɓa zama a aji ba, amma ya fi ni sanin dokar buronku.

Saboda haka ka rubuta wa masananka cewa a gida na 114 ciwon daji bai jawo asara ba, gona ma ya ƙaro wa gandu. Na gwada sa wannan a gurbin harafi ɗari, ya ƙare kafin in kai ga gyaɗar.

Wassalam.

Chindo

*

Agiye, 9 ga Yuni

Zuwa ga ƙanwata Tani, ta hannun Ummukulsum.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu, sannun da ya kamata in yi tun wata uku kika hana ni. Ummukulsum, ki karanta mata duka, kada ki tsallake inda ya yi zafi. Na ɗauki hoton takardar na turo ne don maganar ba ta waya ba ce. A Agiye in mutum ya ɗaga waya duk unguwa ce ke amsawa.

Tani, ni ne baƙon da kika yarda a aika gidanku da tambayoyi. Kin gaya wa likita, kin gaya wa ƴar takarda a asibiti, kin gaya wa Yahaya. Ni da na goya ki har kika yi mini fitsari a rigar lakol, sai allo ne ya gaya mini. Na gode. Wannan faɗan na ajiye shi sai kin warke, zan yi miki shi da kyau.

Yanzu ga abin da ba ya jira. Yahaya zai zuba wake a gamanarki da ya gama noman farko, sati biyu ko uku ke nan. Ba abin da zai tare shi sai gayya, kuma ba a kiran gayya don mai zaman jego. Ni an ɗaure bakina da rantsuwa, ke kaɗai ke iya kwance shi. Ki ce mini in faɗa, in faɗa.

Kuma ki gaya mini gaskiyar jikinki. Me suka yi, me suka ce, kina cin abinci?

Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne.

Wanki, Chindo

*

Yamai, 13 ga Yuni

Yaya,

Amin wa alaikumus salam. Ina kwana, ina gajiya, yaya matarka Ihsan da yara? Yarinyar nan ce ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na ce ta rubuta yadda na faɗa.

Nono ne na dama. Sun cire shi. Yanzu duk sati uku ana ƙara mini ruwan magani, shina kada ni kwana huɗu in tashi. Gashi ya tafi, ba komai, dama kitso ya ishe ni. Sun ce sai bayan kaka za su sallame ni. Ina cin abinci in ya yarda ya zauna.

Ban gaya maka ba don na san ka. Da ka ji da ka sayar da babur ka taho ka cika asibiti da turanci har su kore mu.

Maganar faɗa wa gari, a'a. Ka tuna Nana mai fura ta kasuwar Gangara? Ranar da aka ji irin ciwon nan gare ta, da ƙwaryarta cike ta koma gida. Maƙwabtanta da suka sha furarta shekara goma suka ce ana ɗauka a hannu. Ba ciwon ya fara kashe ta ba, zaman banza ne. To ni da me nake murza tunkuza? Da me nake mulmula ƙuli? Da ƙafa? Kuma ba ni kaɗai ba ce. Fati da Auta da ke taya ni, a bakin turmin nan suke samun na cefane. Na bar masu gyaɗar da ta rage suna yi da sunana, ana saye don an san na Tani ne.

In gona ta tafi sai in sayi gyaɗa a kasuwa. In suna ya tafi, wace kasuwa ake sayar da shi?

Na san abin da za ka ce, wai mai sayen gyaɗar kasuwa wahala kawai take matsa, ba mai ba. Na sani, ba sai ka zana mini a allo ba. Gonar nan ni na kai mata taki a kai har ta yi baƙi. Akwai itacen gawon da marigayi ya bari a tsakiya don in riƙa hutawa. Ba daɗi ne ya sa na ce a bari ba.

Ka riƙe rantsuwarka. Ka gaida kowa, ka ce jariri na ƙiba, wannan dai gaskiya ne.

Ƙanwarka, Tani

Kawu, ni ce Ummukulsum. Da ta zo kan gawon nan sai da muka tsaya. Ka yi wani abu.

*

Maraɗi, 16 ga Yuni

Mushe,

Ina gaisuwa, ina kuma yi maka jaje. Allah ya ba Inna Tani lafiya. Na sha manta a ƙosan mahaifiyata tun ina yaro.

Dole in faɗi abin da aiki ya ɗora mini. Doka ta ce mai tambaya ya janye in ya tarar da danginsa. Ba ka janye ba. Na yi shiru a kan wannan. Takardar 114 ta shigo, na'ura ta karɓe ta a matsayin cikakkiya: babu aiki, babu asara. In ka buɗe baki a garin, za a sallame ka, ni ma za a kira ni. Rantsuwar nan ba don mugunta aka yi ta ba, Mushe. Don irin abin da ya sami mutane da yawa ne in an ji ciwonsu.

Abin da ke ƙasa ba da sunan buro na rubuta shi ba. Bayan takardarka ta farko na zauna na duba. Cikin mata ɗari biyu da goma sha biyu da aka tambaya, ɗari da casa'in allon ya tsallake su. Na rubuta wa na sama da ni. An amsa mini cewa an gode da lurata. Da na ga kalmar sai na tuna ka.

Mahaifiyata da kaskon ƙosai ta kai ni har jami'a. Jiya na karɓi katinta na duba.

Ka yi haƙuri, Mushe. Allah ya kawo mafita.

Zaharaddini

*

Agiye, 22 ga Yuni

Tani,

Sallama, da sannu da jiki. Ki gyara zama, yau ni ne da labari.

Na riƙe rantsuwata kamar yadda kika ce. Jiya na koma Garin Bappa da kwalba a hannu, wai mai na zo saye. Na tarar da Fati da Auta a gindin turminki. Muka gaisa, na ce jariri na ƙiba. Fati ta ajiye taɓarya, ta leƙa zaure, ta dawo ta ce, "Mushe, an cire ko ba a cire ba?"

Na ce me?

Ta ce, "Kai dai ka bar mu da me. Shekara ashirin muna daka a turmi ɗaya, tun bara take ɗaga taɓarya da hagu. Makafi ne mu? Wace jego ce ake sayar mata da tumaki biyu?"

Auta ta ce, "Ni na wanke mata zanen da ta ɓoye bayan randa, na mayar inda yake don kada ta gane."

Na ce tun da kun sani, me ya hana ku shiga gonar?

Fati ta riƙe haɓa. "Ikon Allah. Ashe karatu ba ya hana wauta. Mu shiga da wane suna? Ita ba ta ce ba ta da lafiya ba. In muka kira gayya ai mun tona mata asiri. Muna jira jininta ya buɗe baki, jinin nata kuma ya zo da kwalba yana ce mana jariri na ƙiba."

Suka ja ni ɗakinki. Tani, irinki yana nan, sun ɓare shi tun ruwan farko, tiya goma sha huɗu, sun tsince, sun ɗaure bakin buhu. Duk matan unguwa sun sani. Mazan ma rabinsu sun ji a bakin matansu, suna gaida Yahaya suna tambayarsa mai jego. Ke kin yi shiru don su, su sun yi shiru don ke, ni na yi shiru don takarda, Yahaya kuwa ya sayo irin wake. Ban taɓa ganin gari guda ya taru ya yi wa mutum ladabi har ya raba shi da gonarsa ba sai a kanki.

Ba zan yi miki ƙarya ba. Na tambayi Fati ko za a daina saye in magana ta fito fili. Ta ce wasu za su daina. Ta ce mai tsiren tashar Gangara shi zai fara, don ko atishawa aka yi kusa da tukubarsa sai ya yi addu'a. Sanin mata a tsakar gida daban, a faɗa a kasuwa daban. Wannan gaskiyarki ce.

Amma noman gandu saura kwana biyar ko shida. Na ga inda suka kai da idona.

Ban ce komai ba, kuma ba zan ce ba sai da izininki. Allah ya ba ki lafiya.

Wanki, Chindo

*

Yamai, 24 ga Yuni

Yaya,

Gaisuwa. Ka ce wa Fati Allah ya isa tsakanina da ita, munafuka, ta bar ni ina ta ƙulla ƙarya tana taya ni da "Allah ya raya". Ka ce wa Auta na ga zanen, na ɗauka aljanu ne. Na yi kuka, na yi dariya har ɗinkin ya motsa.

Kwana biyu ban yi barci ba. Abin da na gani shi ne, Nana ita ma ɓoyewa ta yi, wasu suka faɗa mata shi a kasuwa yadda suka ga dama. Ni gara a ji daga gidanmu.

Ka faɗa. Amma da sharaɗi. Ka kira ciwon da sunanshi, kada ka ce ciwon mata ko lalura. Ka ce likita ya ce ba a ɗaukar shi a hannu ko a abinci, na tambaye shi sau uku har ya gaji. Kada ka yi masu dogon bayani irin na lakol, mutane na da noma. Kuma kada ka ci mutuncin Yaya Yahaya. Shi ya sayar da bijiminshi aka yi mini aikin nan, bai gaya maka ba ko? Gona ce ta yi ƙaranci, yaranshi tara.

A shuka ta a jere, kada a cika tazara. Kada a taɓa gawon.

Tani

*

Agiye, 30 ga Yuni

Zaharaddini,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da hannun hagu, na daman ya yi kanta.

Ina sanar da buro cewa ranar Juma'a, bayan an sallame, na miƙe a ƙofar masallacin Garin Bappa na ce ƙanwata Tani tana Yamai tana fama da ciwon daji, an yi mata aiki, ba a ɗaukarsa a hannu ko a abinci, kuma ina kiran gayya gamanarta gobe. Jimla huɗu. Tun da na fara koyarwa ban taɓa magana gajeriya haka ba. Mai ciwon ce ta ba ni izini, ga hoton takardarta na haɗa maka.

Ka so ka ga fuskoki. Dattawa suna ta salati suna "ashe, ashe", wani har da dafa ƙirji, alhali matarsa ce ta ɓare rabin irin. Sai kowa ya juya yana duban Yahaya. Yahaya ya miƙe tsaye. Sannan ya ce, "To, tun da an faɗa." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Asabar da hantsi mutum arba'in da ɗaya ne a gonar, maza na sara da sungumi, mata na bi suna jefa iri suna rufewa da ƙafa. Yahaya ne ya fara sara. Safiyanu bai zo ba, kuma ban ga laifinsa ba, an nuna masa gona an janye. Kafin azahar an gama. Na yi layi biyu Fati ta karɓe sungumin, ta ce ramukana sun fi kama da rubutu.

Yanzu ga abin da bincikenku ke nema, in yana nema. Ranar kasuwa mai tsiren tasha ya ce ya sami mai ƙuli a Gazawa. Masu ƙosai biyu sun dawo da man da suka riga suka karɓa, ɗaya ta riƙo kwalbar da gefen zane. Fati ta ce cinikinsu ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, kuma wata mai abinci ta ce sai ta yi shawara da mijinta. Wannan shi ne abin da ciwon daji ya yi wa aikin mai lamba 114, wadda ba ta da aiki. Da ina barin gonar wata mata ta tare ni bayan rumbu tana tambayar nawa ne kuɗin mota zuwa Yamai, wai don wata ƙawarta.

Na kuma gano Yahaya ya sayar da bijimin huɗarsa don aikin da aka yi mata. Da na tambaye shi da allo ko gidan ya sayar da dabba, a'a ya ce. Na koma na ce don me? Ya ce, "Mutum ya yi wa matar ƙaninsa abu kuma ya zauna yana gaya wa na'ura?" Ka ƙara wannan cikin abin da za ka aika a gode maka.

In kana son allonku, Jaye na nan.

Wassalam. Mushenka, Chindo

*

Maraɗi, 5 ga Yuli

Mushe,

Ina gaisuwa. Na kai maganar sama tare da takardar izinin. Sun yarda ba ka karya rantsuwa ba. Amma tun da ya fito cewa mai tambaya ɗan'uwan mara lafiya ne, an soke takardar 114 gaba ɗaya, ba za ta shiga lissafi ba. Aikinka ya tsaya ƙarshen watan jiya. Ni an ja mini kunne a rubuce.

Tambaya ta tara, an ce za a sake duba ta a zagaye na biyu, nan da shekara uku, in an sami kuɗi.

Ka ba Jaye allon. Na ba shi jarka, ka sa Fati ta cika mini ita da mai. Zan ajiye ta a buro inda kowa ke wucewa, in an tambaya in ce na wace ce.

Ka gafarce ni, Mushe.

Ɗalibinka, Zaharaddini

*

Yamai, 20 ga Yuli

Yaya,

Amin. Hoton ya iso, na sa yarinyar nan ta buɗe mini shi ya fi sau goma. Gyaɗa ta fito da kyau. Layi biyun nan na gefen gawo da suka karkace na san mai su.

Jiya aka ƙara mini ruwa na biyar, yau ina kwance, shi ya sa takardar gajeriya. Ka ce wa Fati ta bar mai tsire, kada ta roƙe shi. Ka ce wa Safiyanu ya zuba wakenshi tsakanin layuka ta gabas, bana kaɗai, kuma ka faɗa gaban mutane cewa ni na ba shi.

Na ji an cire ni daga takardarsu. Ba komai, bana na saba da cirewa. Gonar dai tana nan.

Yaron naka mai jarka, ka ce in shekara ukun ta cika ya zo da kanshi. Kada ya tsaya zaure. Ya wuce gona, ya zo da kwasa, sai ya tambaye ni aikina.

Ka gaida Ihsan. Faɗan da ka ajiye mini ka riƙe shi da kyau, ina zuwa karɓa.

Ƙanwarka, Tani